Mai Gyaran Ƙofofin Gidansu

"Ba zan ba ka ita ba."

Mama Tela ta faɗi haka ba tare da ta ɗaga ƙafarta daga kan keken ɗinki ba. Keken na ta ƙara, tana ta tura bakin zane ƙarƙashin allura, kamar ba zuciyar mutum ta yanka ba.

Auta yana durƙushe a bakin ƙofar shagon. A gida Auta ake ce masa, a layi kuwa Kafinta. Shekara biyu ke nan yana son Shalele, 'yar Mama Tela ɗaya tilo, kuma wannan ne zuwansa na uku yana roƙon a ba shi izini ya turo manyansa.

"Mama, in wani abu na yi, a faɗa mini. Wallahi ko kaza ban taɓa ɗaga hannu na doka ba."

Sai a nan keken ya tsaya.

"Na sani," ta ce. "Da kai mai duka ne ai da da sauƙi, da na san da wa nake yi. Ka manta bangonmu ɗaya da gidan ubanka kafin mu tashi? Shekara goma ina bayan bangon nan. In ji ubanka ya dawo daga tafiya da babbar motarsa, in ji ƙofa ta ɓalle, in ji muryar uwarka. Kafin gari ya gama wayewa kuma sai in ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Gudumarka. Maƙwabta su fito su tarar da ƙofa garau, a ce ai Tela ce mai kunnen gulma."

Auta ya sunkuyar da kai.

"Ni ma na yi irin zaman nan," ta ci gaba, muryarta ta yi ƙasa. "Uban Shalele, Allah Ya jiƙansa, hannunsa ba ya jin kira. Uwarsa kuwa mace ce mai kirki, kowa ya shaida. Duk ranar da ya dake ni, washegari sai ta aiko mini da sabon zane. Ni da kaina nake ɗinke su in ɗaura, a yi ta cewa na yi dacen uwar miji. Akwati biyu na tara. Shi na yafe masa tun yana kwance a asibiti. Ita ce har yau nake kokawa da zuciyata a kanta."

"Mama, ni tausayin Umma nake ji, shi ya sa..."

"Uwar mijina ma tausayina take ji."

Ta gyara gilashinta ta dube shi sosai.

"Matar yayanka tana gidan iyayenta da karyayyen hannu. Ta ce kulle kanta ta yi a ɗaki, ya ɓalle ƙofa ya same ta. Shi ya ce a banɗaki ta zame. Ofishin sulhu suka tura a duba ƙofa, aka tarar da ita lafiya lau, har da sabon fenti. Yanzu duk gari ana ce mata maƙaryaciya, jibi kuma za a ce ta tattara ta koma. Wa ya shafa fentin, Kafinta?"

A hankali ya dunƙule hannayensa ya tura su tsakanin gwiwoyinsa, don har yanzu akwai koren fenti a ƙarƙashin farcensa.

Keken ya ci gaba da ƙara.

* * *

Shagon Auta ɗan ƙarami ne, rabinsa teburin aiki, rabinsa katako. Shi mutum ne da ba ya iya yar da katako. Ko guntun da bai kai tafin hannu ba sai ya ajiye, ya ce wata rana zai yi amfani. A can lungun ƙarshe, bayan buhunan dusar katako, akwai ƙyaure tara jingine da bango, duk a farfashe. Biyar na ɗakin Umma ne. Huɗu na ɗakin Anti, matar Yaya.

Yana ɗan shekara tara ya fara. Ranar ya tashi ya ga ƙyauren ɗakin uwarsa a ƙasa, ita kuma tana zaune a ciki tana ta jan mayafi tana rufe fuska, don duk wanda ya shigo tsakar gida zai gan ta. Ya samo dutse da tsofaffin ƙusoshi ya yi ta fama har ƙyauren ya tsaya. Ta shafa kansa ta ce, "Allah Ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini."

Wannan addu'ar ce ta mai da shi kafinta.

Yana zaune yana goga wata kujera da ba ta buƙatar guga, sai ga Shalele. Idanunta sun yi ja. Ba ta zauna a bencin da ta saba zama ba.

"Da gaske ne abin da Mama ta ce?"

"Da gaske ne."

"Kai ka sake ƙofar?"

"Yaya ya buga mini waya da sassafe, ya ce in zo kafin yara su tashi. Shalele, yara uku ne a gidan. In bar su su ga ƙofar ɗakin uwarsu a tarwatse?"

"Da ba su ga ƙofar ba, ba su ga hannunta ba? Ba su ji ihunta ba?" Hawaye suka gangaro mata. "Ni na girma ina ji, Kafinta. Ba wanda ya ɓoye mini komai da zane. Abin da kawai aka koya mini shi ne in ga abu in ce ban gani ba."

Ya ajiye abin gugar. "To me kike so in yi? Yayana ne. Ciki ɗaya."

"Ni ma tambaya ɗaya na zo da ita. Na san ba za ka dake ni ba, ko a gaban alƙali zan rantse. Amma in muka haifi 'ya, ta yi aure, aka kira ka da sassafe aka ce ka zo da guduma, za ka je?"

Ya kai dubansa lungun da ƙyauren suke jingine.

"Ka gani," ta ce, ta share hanci da bakin mayafi. "Tunani ma kake yi."

Ƙarar mota ta katse su. Mai Kemis ne, mai babban shagon magani na bakin titi. Wata uku ke nan yana zuwa gaida Mama Tela, kullum da ƙamshin turare da leda a hannu. Ya sauke gilashi yana murmushi.

"Ranki ya daɗe, a nan kike? Wannan ƙurar katakon ba ta da kyau ga ƙirji. Zo in sauke ki gida, dama wajen Mama za ni, kawunnaina na son a sa musu rana su zo."

"Ina da ƙafa," in ji Shalele.

Ya yi dariya, ya juya wajen Auta. "Kafinta, ya gida? Ka gaida su Baba da Yaya. Ka ce ina godiya. Ai ba ni da gidan da ke yi mini ciniki kamar naku. Bandeji, man zafi, maganin ciwon jiki, ba a yin wata ba a aiko ba."

Auta bai san lokacin da hannunsa ya kai kan guduma ba. Ya ji ƙotar ta zauna daram a tafinsa. Ya hango daidai wurin da zai sauke ta a gilashin motar, ya kuma ji a ransa cewa abin zai yi daɗi. Daɗin ne ya tsorata shi. Ashe haka Baba yake ji. Ashe haka Yaya.

Ya ga Shalele ta ja baya taku ɗaya, ta ɗaga kafaɗa ta kare kunnenta. Ba da gangan ta yi ba, jikinta ne ya yi da kansa. Haka Umma take yi in an ajiye kwano da ƙarfi.

Ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya sa gudumar a aljihun tebur ya tura ya rufe.

"Za su ji," ya ce. "A sauka lafiya."

Motar ta wuce. Shalele ta daɗe tana kallon aljihun teburin, sannan ta juya ta tafi ba sallama.

* * *

Washegari da hantsi ya je gida. Baba ba ya nan. Umma tana tsakar gida tana shanya. Ya zagaya ya tsaya ta damanta, don kunnen hagu ya daina ji tun Auta yana firamare.

"Umma, gobe zan je ofishin sulhu. Zan faɗi abin da na gani."

Ta ci gaba da matse rigar da ke hannunta. "Me ka gani?"

"Ƙofar Anti."

"Ƙofa ta tsufa, an sake ta. Sai me?"

"Umma, hannunta ya karye gida biyu."

"Zai ɗoru. Nawa bai ɗoru ba?" Ta yarfa rigar a kan igiya. "Yaran yanzu ba ku da haƙuri. Ni shekara talatin da huɗu ina gidan nan. Na mutu?"

"Ba ki mutu ba, Umma."

"To ita ma ba za ta mutu ba. Ta dawo ta riƙe 'ya'yanta. Wa ya ce mata aure wasa ne?"

Ya daɗe yana kallonta. Ga tabon da ke gefen girarta, ga ɗan yatsanta da ba ya miƙewa. Duk ya san ranakunsu, ya san wace ƙofa ce ta kowane.

"Yaya yana ɗan shekara goma sha biyu ya taɓa shiga tsakaninku da Baba," ya ce. "Kin tuna? Ya rungume ki yana kuka. Kika ce ya fita, ba ruwan yaro da maganar manya. Ya fita ya tsaya a taga yana kallo. Yanzu ɗansa ne yake tsayawa a taga."

Hannunta ya tsaya a cikin bokiti. Ya ɗauka za ta yi kuka. Sai ta juya masa kunnen hagu.

"Ban ji me ka ce ba," ta ce. "Miƙo mini wancan zanen."

* * *

Ranar zaman sulhun, Auta ya ɗaure ƙyauren ɗakin Anti na ƙarshe a kan baro da igiya, ya turo shi tun daga shago. Bai rufe shi da komai ba. Masu shaguna suna leƙowa, mai faci ya ɗaga murya ya ce, "Kafinta, yau kuma itacen girki ka koma sayarwa?" Ya ci gaba da tura baronsa.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, da fanka mai ƙara da benci biyu suna fuskantar juna. A kan ɗaya Baba ne da Yaya da Umma a can gefe. A kan ɗayan Anti ce, hannunta rataye a wuya, da wanta. Jami'ar sulhu, wata dattijuwa mai tabarau, tana cewa, "To tunda ba wata shaida, shawararmu ita ce ki yi haƙuri ki..."

Auta ya yi sallama, ya shigo da ƙyauren a kafaɗa, ya jingina shi da teburinta.

"Kai kuma wane ne?"

"Ƙaninsa ne. Ni kafinta ne. Wannan ita ce ƙofar ɗakin. Wadda aka gani sabuwa ce, ni na sa ta."

Yaya ya miƙe. "Auta, ka haukace?"

Auta bai dube shi ba. Sai ya yi magana irin ta aikinsa, wadda ita kaɗai ya iya.

"Hajiya, ki duba nan. Sakatar a kulle take, ga ta har yanzu a miƙe, ta lanƙwashe. Sakata ta ciki ce, wanda ke cikin ɗaki ne kawai zai iya sa ta. Ƙusoshinta kuma ba zarewa suka yi ba, fizgo naman katakon suka yi. Tsufa ba ya yin haka. Nan kuma tsakiya, tsagar ta shiga ciki ne, wato daga waje aka buga. Ga shatin takalmi, sau uku. Wannan kuma a ƙasa..." Ya nuna wani baƙin tabo. "Wannan ba fenti ba ne."

Jami'ar ta sunkuya ta duba wurin.

"Akwai irinta uku a shagona," ya ce. "Duk na ɗakinta. In ana so in kawo."

Bai ambaci sauran biyar ɗin ba. Amma ya ga Umma ta ja mayafi ta rufe fuska.

Jami'ar ta cire tabarau, ta rufe littafin da ke gabanta, ta jawo wani. Ta ce maganar ta wuce sulhu. Ta ce Anti ba za ta koma ba, yara kuma su zauna wajenta har a gama bincike. Yaya ya zube a kan benci, ya dafe kai yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa shi ma bai san abin da ke hawa kansa ba.

Baba ne ya tashi a hankali. Ya zo har gaban Auta. Auta ya runtse ido yana jiran marin. Marin bai zo ba, don akwai idon mutane.

"Na ji kana neman aure," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa. "To ka je ka nemo uban da zai nema maka. Ni ɗana namiji ɗaya ne."

Ya fita. Umma ta bi bayansa. Da ta zo wucewa ta ɗan tsaya, ba ta dube shi ba.

"Na yi maka addu'ar rufin asiri," ta ce, "ka saka mini da tono."

A waje ya tarar da Anti tana jiran wanta ya kawo abin hawa. Ya matso ya ce, "Anti, sannu. Ya hannun?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Fuskarta ba fushi, gajiya ce kawai.

"Sau huɗu ka zo gidana da guduma, Auta. Ina zaune a bakin gado kana aiki, in ka gama har ka share dusar katakon ka ce mini sannu da gida. Ko sau ɗaya ba ka ce Anti tashi in kai ki asibiti ba." Ta gyara ratayar hannunta. "Sai da aka ce za a hana ka mata ka tuna ina da rai. Na gode dai. Allah Ya ba ka ita."

Ya so ya ce ba haka ba ne. Ya duba cikin zuciyarsa ya rasa inda zai tsaya ya faɗi hakan.

* * *

Bayan la'asar ya isa shagon Mama Tela. Labari ya riga shi zuwa. Keken a rufe yake da ƙyalle, ita kuma tana zaune hannu a cinya. Shalele tana tsaye a bayan labulen da ake gwada kaya, ƙafafunta kawai ake gani.

"Zauna a kujera," in ji Mama Tela. "Yau ba durƙuso."

Ya zauna a gefen kujerar.

"Abin da ka yi, maza da yawa ba za su iya ba. Ba zan rage maka ba. Amma kada ka ɗauka ciniki muka yi, ka kawo ƙofa in ba ka 'ya. Haƙƙin baiwar Allah ka sauke, kuma ka sauke shi a makare."

"Haka ne, Mama."

"Kawunnan Mai Kemis sun aiko. Na ce su dakata wata ɗaya. Ba don ina sonsa ba, bakinsa ya fi wuƙa, na lura. Amma gidansu na bincika har kakanni, ban ji inda aka taɓa ɗora mace ba." Ta numfasa. "Ubanka ya sallama ka, na ji. Ban damu ba, dama ko ya zo ba zan shimfiɗa masa tabarma ba. Ga abin da nake so. Mace ba miji kaɗai take aure ba, gida take shiga. Ranar da ranka zai ɓaci, don zai ɓaci, ina son a ce akwai babba a danginku da Shalele za ta ruga wurinsa, wanda ba zai ce mata ki yi haƙuri haka maza suke ba. Ka kawo mini namiji ɗaya daga cikin danginku ya nema maka auren. Baffa, kawu, ko wan uba na nesa. Sharaɗi ɗaya ne. Wanda bai taɓa dukan matarsa ba. Guda ɗaya tak. Ka kawo shi, ranar zan sa muku rana."

Labulen ya motsa. Shalele ta leƙo, fuskarta jiƙe da hawaye amma tana murmushi, don a ganinta an gama.

"Mutum ɗaya ai ba wuya," ta ce. "Ko, Kafinta? Danginku da yawa."

Auta ya buɗe tafin hannunsa ya fara lanƙwasa yatsu.

Baffa Babba. Matarsa ta fari da sanda take tafiya.

Baffa Ƙarami. A gaban baƙi ya taɓa jifan tasa da murfin tukunya, aka yi dariya.

Kawu na wajen Umma, wanda ya dawo da ita gidan Baba har sau uku, yana cewa shi ma haka yake gyara nasa gidan.

Ɗan wan Baba mai shagon taya. Mijin Gwaggo. Kaka, Allah Ya jiƙansa, wanda har yau ake ba da labarin bulalarsa a taron dangi kamar abin alfahari.

Yatsun hannun dama suka ƙare, ya koma na hagu. Murmushin Shalele ya fara dushewa.

"Wa ka samu?" ta ce.

Ya dubi hannayensa biyu, duk a dunƙule.

"Ni kaɗai ne," ya ce a hankali. "Ni ma ɗin ba a gwada ni ba tukuna."

Mama Tela ta janye ƙyallen da ke kan keken, ta zura zare a allura.

"Saura kwana talatin," ta ce.